Kafin Ki Sayi Rigar Ruwa, Ki San Aikinta

 Zafi ya fara kankama, kuma ke ma kin san da Maris ya shigo hankalin yara ruwa yake komawa. Daga Dabawa har Kurfi babu yaron da bai san dam ɗin Zobe ba, wannan da aka tare kogin Karaduwa aka kammala a 1983. Wanda bai kai can ba yana da kududdufin bayan gari. Masu hali kuma da hutun Sallah sai wurin iyo na otal a Katsina ko Kano, ga kuma 'ya'yanmu da ke karatu a Masar da Malesiya, waɗanda abokai ke ja zuwa nutso a teku. To yau maganar kayan shiga ruwa za mu yi, domin yanzu suna yawo a Instagram da cikin dilar gwanjo, kuma masu sayarwa duk suna ɗaya suke kiran su da shi: rigar ruwa. Alhali iri uku ne, kowace da aikinta.

Ta farko ita ce baƙar nan mai kauri kamar soso, wadda kike gani a jikin masu nutso a talabijin. Da wata roba ake yin ta mai suna niyofirin, cike take da ƙananan kumfan iska. Wani masani a Amurka, Hugh Bradner, shi ya ƙirƙiro ta a 1952. Ba ta hana ruwa shiga. Ɗan kaɗan ne ke shiga tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi, robar ta riƙe ɗumin. Amfaninta ke nan, domin ruwa na zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Shi ya sa yaro zai yi awa guda a ruwa da tsakar rana ya fito haƙora na kaɗawa. Da milimita ake auna kaurinta. A teku mai ɗumi 3 ta isa. Mai 5 ko 7 ta ƙasashen sanyi ce. Idan kika sa wa yaro mai 7 a ranar Afrilu ta Dutsin-Ma, kafin ya taɓa ruwa zafi ya galabaitar da shi. Sannan dole ta kama jiki tsam. Wannan ɗabi'a tamu ta sayen kaya da girma don yaro ya girma a ciki ba ta aiki a nan, domin in ta yi yawa ruwa zai riƙa shiga yana fita da ɗumin, kin yi asarar kuɗinki.

Ta biyu sirara ce, mai miƙewa kamar jesin 'yan ƙwallo, yawanci da zaren Lycra. Ba ta ɗumama kowa. Rana take karewa, da ƙujewar dutse, da harbin wasu halittun teku. In ruwa ya kai ɗumin digiri 28 zuwa sama ta wadatar, kuma a ganina ita ce ta dace da mu a mafi yawan shekara: ga sauƙin kuɗi, ga saurin bushewa, ga ta tana rufe hannu da ƙafa. In 'yarki da ke Masar ta ce a turo kuɗin kayan nutso a Bahar Maliya, tambaye ta wata nawa ne kuma sau nawa za ta shiga. Da bazara siraran ta isa ko mai 3, da hunturu ruwan can yana yin sanyi sosai. In sau ɗaya ne ma, wuraren nutso na bayar da haya.

A nan nake so in daɗe, a kan 'yan mata. Mu kan tura su bakin ruwa da zane da dogon hijabi, mu ce an suturta. A tudu haka ne. A cikin ruwa kuwa atamfa na buɗewa ta naɗe ƙafafu, hijabi ya taso ya lulluɓe fuska, yarinya ta rasa inda sama take. Da ta yunƙura za ta fito, kayan sun sha ruwa sun yi nauyi, kuma sun manne a jiki, suturar ma ta tafi. Wata Musulma 'yar asalin Labanan da ke zaune a Ostareliya, Aheda Zanetti, ta ga wannan matsala ta ɗinka abin da ake kira burkini a 2004: wando, riga zuwa cinya, da hular da ta kama kai. In ba ki samu ba, telanki zai iya haɗa miki irinta da yadin jesi. Ki dai ce masa ya sa igiyar da za ta ɗaure rigar da wandon ta ciki, kada ta taso, kuma kada ya bar wani abu mai reto a wuya.

Ta uku ita ce rigar ceto, mai kalar lemo da maɗaurai. Ita kaɗai aka yi don hana nutsewa. Mai kaurin nan tana ɗan ɗaga mutum, har ma masu nutso sai sun ɗaura dalma a ƙugu kafin su iya yin ƙasa, amma ba za ta juya fuskar yaron da ya suma zuwa sama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 300,000 ruwa ya ci a 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. In kuɗin abu ɗaya ne a hannunki, kuma yaronki na hawa kwale-kwalen masunta, wannan za ki saya. Ki ɗaure masa, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga. In ta zarce kunnensa ta yi masa yawa.

Saura tsargiya, wadda babu rigar da ke hana ta. Ƙwayarta a jikin dodon koɗin ruwan da ke kwance take girma, ta fito ta huda fata, kuma duk rigunan nan ruwa na ratsa su. A teku da wurin iyo mai sinadarin kulorin babu ita, a dam da kududdufi take. In kika ga jini a ƙarshen fitsarin yaro, kada ki saurari masu cewa alamar balaga ce. Ki kai shi asibiti a gwada, maganinta firazikwantel, irin wanda ake rabawa a makarantun firamare.

Waɗanda suka taɓa sa tela ya ɗinka musu kayan iyo na 'yan mata, ku faɗa mana a ƙasa wane yadi kuka saya da nawa aka yi muku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.