Duhun da Ke Biyo Bayan Guguwa

A ranar 20 ga Satumba, 2017, guguwar da aka laƙaba wa suna Mariya ta afka wa tsibirin Puerto Rico, ta kakkarya turakun lantarki, har sai da aka shafe kusan wata 11 kafin wuta ta komo wa gidajen ƙarshe. Da aka yi ƙididdiga daga baya, hukuma ta amince cewa kimanin mutum 2,975 ne suka rasu, kuma da yawansu iska ba ta taɓa su ba, illa dai na'urar numfashi da ta mutu, da injin wankin ƙoda da ya tsaya, da allurar ciwon sukari da ta lalace saboda rashin sanyi.

A ganina, duk hukumar da ta jira sai musiba ta sauka kafin ta nemi janareta da mai, alhali hanyoyin kawo man sun yanke, ta yi sakaci da amanar da Allah Ya ɗora mata, domin kiyaye rai yana cikin manyan maƙasudan shari'a. A garin Adjuntas na Puerto Rico kuwa, ƙungiyar Casa Pueblo, wadda ta riga ta kafa farantan sola, ita ce ta zamo mafakar jama'a bayan guguwar.

Mu da muka ga ambaliyar Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a 2024, wajibi ne mu fara sanya sola a asibitoci da rijiyoyin burtsatse tun kafin damina ta kama.