Zango Wurin Hutun Ƙafa Ne



Akwai wani ciwo da ya zama ruwan dare a unguwanninmu, daga Nima zuwa Mamobi, daga Kawukudi zuwa Sabon Zongo, amma ba kasafai ake kai shi asibiti ba. Mutum zai farka da kiran assalatu, ya sauko da ƙafa daga gado, sai ya ji kamar ya taka ƙusa a ƙarƙashin diddige. Ya ɗingisa zuwa wurin alwala. Kafin ya isa masallaci ciwon ya lafa, har ya ɗauka an rabu. Da yamma kuwa, bayan ya zauna ya huta, yana miƙewa sai ƙusar ta dawo. A nan ne fassara take farawa. Wannan ta ce sanyi ne, wancan ya ce wani abu aka binne masa a ƙofar shago ya taka. Daga nan sai a nemi wanzami, ko a sayi ƙulli a hannun mai tallar magani a cikin tirotiro, ko a fara yi wa maƙwabciya kallon zargi.

A ganina ciwon nan na aiki ne, kuma mafi yawan maganinsa a gida yake. Sai dai maganin ya sha bamban da wanda muka saba nema: kujera, takalmi mai kyau, miƙa jijiya, da haƙurin watanni.

Tafin ƙafar ɗan Adam an gina shi kamar baka. Ƙasusuwa su ne itacen bakan, sannan akwai wani tantani mai kauri da ya taso daga ƙashin diddige ya tafi har gindin yatsu, shi ne tsarkiyar. Duk takun da muka yi, nauyin jiki yana danne bakan, tsarkiyar ta miƙe, ta koma. Idan aiki ya fi ƙarfinta, sai ta fara sassaɓewa a daidai inda ta manne da ƙashi. Da dare, ƙafa tana kwance, tantanin yakan tsuke. Takun farko na asuba sai ya fizge shi. Dalilin da ya sa ciwon yake gaishe da mai shi da sassafe ke nan. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, da masu ƙiba, da waɗanda sharaɓarsu ta ɗaure, da duk wanda sana'arsa ta tsayuwa ce a kan ƙasa mai tauri.

To, mu dubi masu ciyar da mu. Mai wake da shinkafa, abincin da duk Gana take kira waakye, tana tsaye a bakin tukunya tun kafin asuba, kuma tana tsaye a bayan tebur har rana ta take. Haka mai koko da ƙosai, haka mai tsire, haka mahauci, haka mai gadi da yaron mota. Ga 'yan matan da ake kira kayayei, waɗanda rabin sunansu ma daga kalmarmu ta kaya ya fito, suna ratsa Kasuwar Nima ranar Laraba da buhu a ka. A ƙafar mafi yawansu me za ka gani? Silifa ɗin roba da ake kira calewote, wanda ya suɗe har ya koma kamar fatar albasa. A ƙarƙashinsa siminti ne ko kwalta. Idan an koma gida kuma sai a tuɓe shi a taka tayil da ƙafa tsirara. Wanda ya haɗa waɗannan ba ya bukatar maƙiyi ya binne masa komai.

Ga abin da ya kamata a yi, kuma duk bai kai kuɗin ƙulli biyu ba.

Kafin ka sauko daga gado, zauna ka ɗora ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar. Kama yatsun ka ja su baya, wajen ƙwauri, har ka ji tantanin ya miƙe a ƙarƙashin tafin. Ƙirga goma, ka saki, ka maimaita sau goma. A yi haka sau uku a yini. Wanda ya ɗaura shi da asuba da la'asar da lisha ba zai manta ba. Bayan haka sai sharaɓa: dafa bango da hannu biyu, ka mayar da ƙafar mai ciwo baya, diddige manne da ƙasa, gwiwa a miƙe, ka karkata gaba na rabin minti, sau uku. Agara da tantanin nan ƙashi ɗaya suke ja, shi ya sa idan ɗaya ya saki, ɗayan yake samun sauƙi.

Da yamma a cika gorar roba da ruwa a sa a firiji ta daskare, a zauna a riƙa mirgina ta da tafin ƙafa na minti 10 zuwa 15. Tausa da man kaɗanya ma tana da daɗi kuma tana rage raɗaɗi, sai dai a sani aikin na hannu ne. Man ba ya ratsa fata ya je ya ɗinke tantani.

Sannan takalmi. A nemi mai kaurin ƙasa, mai taushi a wajen diddige, wanda bayansa ya ɗan fi gabansa tudu. Gwajinsa mai sauƙi ne: idan ka iya naɗe shi gida biyu kamar tabarma, ka ajiye wa mai shi. Ba sai sabo ba, a gwanjon Kantamanto ana samun masu ƙwari. A kuma ware wani mai tsabta na cikin ɗaki, domin takun da ake yi a gida ma taku ne. Wanda jiki ya yi masa nauyi, ko kaɗan ya rage, diddige zai shaida.

Abin da ya fi wuya shi ne lokaci. Likitoci sun daɗe da lura cewa kusan tara cikin goma na masu wannan ciwo suna warkewa ba tare da tiyata ba, amma abin yakan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. Mu kuwa mun saba da maganin sha yanzu magani yanzu. Idan an yi mako guda ba a ga canji ba sai a watsar, a koma wa aska. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ba na raina wanzamai. Sana'a ce mai asali da ta yi wa al'ummarmu hidima tun kaka da kakanni. Amma tsaga da sakiya a diddige ba su kai inda ciwon yake, domin babu mugun jini ko ruwa da ya taru a wurin da za a fitar. Abin da suke bari shi ne rauni a sashen jikin da ya fi kusa da ƙura da ruwan kwata. Ga mai ciwon suga kuwa, wanda sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi sosai kuma rauninsa ba ya saurin warkewa, ƙaramar tsaga ko gashi da ruwa mai tsananin zafi kan iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa. Askar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita kuma tana iya ɗaukar ciwon hanta daga wannan ta kai wa wancan.

Haka ƙwayoyin kashe zafi. Wanda ya mayar da diklofenak abin karin kumallo na watanni yana sayen sauƙin diddige da lafiyar cikinsa da ƙodarsa. Tiramadol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarinmu. Mai son maganin itatuwa ya nemi wanda yake da rajistar hukumar kula da abinci da magunguna. Ƙasar nan tana da cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong Akuapem tun 1975, don haka babu dalilin shan abin da ba a san mahaɗinsa ba.

Na san abin da mai koko za ta ce: idan na zauna, wa zai ciyar da yara? Gaskiyarta. Ba wanda ya ce ta rufe sana'a. Abin da ake nema shi ne doguwar kujera a bayan tebur, wadda za ta riƙa zama a kai tsakanin mai saye da mai saye, da katako ko tsohon kafet a ƙarƙashin ƙafarta maimakon siminti. A nan ne nauyin yake sauka daga kanta ya hau kanmu. Mun mayar da tsayuwa alamar ladabi da ƙwazo. Yarinyar da take taya uwar ɗakinta sayar da abinci, idan ta zauna sai a ce ta cika son jiki. Maigida yana ganin uwargida tana ɗingishi kullum safe, ya ce mata sannu, ya sa hularsa ya fita. Ya kamata sannun ta zo da takalmi, da ɗa ko 'ya da za su karɓe ta na awa biyu. Dattijon da doguwar tsayuwar tarawihi ko tahajjud take tayar masa da ciwo ya tambayi malamansa game da sauƙin da shari'a ta yi wa marar lafiya, kuma kwamitocin masallatanmu su tanadi kujeru ba tare da an roƙa ba.

Akwai inda maganin gida yake tsayawa. Idan ƙafa ta kumbura, ta yi ja, ta ɗauki zafi. Idan akwai zazzaɓi ko rauni. Idan tana yin dindiris ko ta daina ji. Idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa har ba a iya takawa. Idan yana tashin mutum daga barci. Ko mai shi yana da suga, to sai asibiti, ba jira. Haka idan an yi wata guda ko biyu ana bin matakan nan babu alamar sauƙi. Babban Asibitin Mamobi yana cikinmu, 37 da Ridge ba su da nisa, Korle Bu yana da sashen gashi da motsa jiki. A sabunta katin inshorar lafiya tun kafin a bukace shi. Idan hoto ya nuna ɗan tsiron ƙashi a diddige kada a firgita: mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba. Allurar diddige kuma aikin likita ce kaɗai, domin yawanta yana iya tsinka tantanin.

Kakanninmu fatake da ƙafa suka zo ƙasar nan. Sun yi watanni a hanyar Gwanja, daga Kano da Katsina zuwa Salaga, suna kai kanwa da tufafi suna komawa da goro. Madugu ya san ayarin da bai huta ba ba ya kai gari, shi ya sa yake yada zango: a sauke kaya, a kwance wa jakuna, a miƙe ƙafa. Sunan da unguwanninmu suke amsawa har yau ke nan. Abin kunya ne a ce a cikin zango aka rasa wurin zaman matar da take ciyar da shi.

Lafiya uwar jiki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a cikin nemanmu.