Sharhi: A Gwada Ƙasa da Wuta Kafin a Zuba Jari a Gona

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhun riɗi sai ya soka hannu ya ga ƙwayar. Amma a Azuba, kan hanyar Lafiya zuwa Akwanga a Jihar Nasarawa, ana hayar gona, ana cin bashin takin zamani domin noman doya da rogo da masara, ba tare da an san ƙarfin ƙasar ba. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne.

Ƙarfin gona yana cikin ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi da suka gauraya da ƙasa, wato abin da za a iya kira kitsen ƙasa. Shi ke riƙe ruwa, shi ke riƙe taki har shuka ta ci. Ƙasar yankin savana ba ta da shi da yawa. Inda ya ƙare, ruwan sama kan wanke wani kaso na takin da aka saya da tsada, manomi ya tashi da bashi.

Auna wannan kitse ba abu ne mai wuya ba. Akan ɗebi ƙasa a busar da ita a zafin digiri 105, a auna nauyinta, sannan a gasa ta a tandar lantarki a kusan digiri 400. Nauyin da ya ragu shi ne kitsen da ya ƙone. Idan zafi ya wuce haka, yumɓu ma kan saki ruwansa, lissafi ya ɓaci. Akwai kuma na'urar da ke ƙara zafi sannu a hankali tana auna nauyi. Abin da ya fara ƙonewa shi ne kitsen da ke saurin ruɓewa, wanda ya jure kuwa shi ne ajiyar shekaru. A harshen kasuwa, na farko kuɗin juyawa ne, na biyu uwar kuɗi.

Shugabannin Afirka sun amince a Abuja a 2006 cewa a ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa 50 a kowace hekta. Taron Nairobi na 2024 ya haɗa batun taki da lafiyar ƙasa, domin an gane buhu kaɗai ba ya gyara gonar da ta gaji.

Wasu za su ce ƙaramin manomi ba ya iya biyan kuɗin gwaji. Gaskiya ne, shi ya sa nauyin ya kamata ya hau kan bankuna da dillalan taki da manyan masu sayen amfanin gona, tun da kuɗinsu ne ke cikin haɗari. Ga Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu, maƙwabciyar Azuba, ga Kwalejin Aikin Gona ta Lafiya. Ya dace a ƙulla yarjejeniya da su, takardar gwaji ta zama sharaɗin lamuni, wanda gonarsa ke ƙara kitse kuma a rage masa kuɗin ruwa.

Irin wannan tsari zai sa manomi ya yi lissafi kafin ya cinna wa gona wuta da rani, domin ganye da karan da ke tashi hayaƙi su ne jarin baɗi.