Kuɗina Na Biya Aka Ɗaura Mini Ƙara a Baya

Ƙiiƙ. Ƙiiƙ. Ka ɗaga ƙafar dama, ƙiiƙ, ka sauke ta hagu, ƙiiƙ. Ka tsaya cik, ta yi tsit kamar ba ita ba. Ka sake ɗaga ƙafa, ta ɗora daga inda ta tsaya. Duk wanda ya taɓa goya jakar hawan dutse mai kuka ya san abin da nake faɗa, kuma na tabbata tun daga layin farko ya fara cije haƙora. Wanda bai taɓa ba zai ce, yanzu ƙarar jaka har ta isa a ɓata mata tawada, ana fama da tsadar masara? Na ji. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan kuwa ba ido ya tsone ba, kunne ya samu ya tare a ciki, kwana huɗu cur.

Da hunturun bara na tafi Gashaka-Gumti, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Nijeriya, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa. Burina Chappal Waddi, dutsen da wasu ke kira Gangirwal, can kan iyakar Kamaru, mita 2,419, babu tudun da ya kai shi tsawo a ƙasar nan. Na daɗe ina tara kuɗin wannan tafiya. Na sha doguwar hanya har Serti, na yi duk abin da ake yi na neman izini da ɗan rakiya. Me na je nema? Shiru. Wallahi shiru kawai. Mutum ya bar janaretan maƙwabci, ya bar hon ɗin 'yan adaidaita sahu, ya bar lasifikar mai tallar magani, ya je inda zai ji iska na kaɗa ciyawa, ruwa na gangarowa a kan duwatsu, tsuntsu na kiran ɗan'uwansa daga wani kwari. Sai ga shi na ɗauko hayaniyar gari da kaina, na ɗaure ta tamau a gadon bayana, ɗan taƙi kaɗan daga kunnena.

Yi lissafi da kanka, ɗan'uwa. Kilomita guda taku wajen 1,300 ne. Ka yi kilomita 15 a yini, ka doshi taku 20,000 ke nan. Kowane taku da ƙararsa. Sauro ma in ya dame ka yakan gaji, ko ka yi sa'a ka tafe shi. Wannan ba ta gajiya, ba ta tafuwa, kuma abincinka da bargonka da ruwanka duk suna cikinta, balle ka yi zuciya ka wurga ta rami.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne da safiyar rana ta biyu. Muna ratsa wani kurmi sai ɗan rakiyarmu ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Ya nuna wani wuri da leɓe, ya yi mana alama mu matso a hankali. Na ɗaga ƙafa. Ƙiiƙ. Sai jin ruf-ruf muka yi cikin ganye, abin ya yi gaba, ko wutsiyarsa ban gani ba. Mazo ne, in ji shi. Ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce, "Malam, naman daji ya san ƙarar reshe, ya san ta iska. Wannan bai san ta ba." Daga ranar ni ne a ƙarshen layi, nesa da kowa, don kada in hana mutanen da su ma kuɗinsu suka kashe ganin abin da ya kawo su. Ba ni kaɗai jakar ta cuta ba ke nan.

Ga 'yan dakonmu kuwa, samari biyu, kayansu a buhun hatsi, an ɗaure bakinsa da igiya, an ɗora a ka. Suna hawa, suna sauka, ko motsin kayansu ba ka ji. Buhu da igiya! Ni kuma mai jakar da aka rataya wa takardu har uku, an zayyana lita kaza take ci, nauyinta giram kaza, ruwa ba ya ratsa ta, gumi ba ya zama a bayanta, ni ne mai tafe kamar tsohon amalanke da bai ga mai ba tun bara.

Kuma kada wani ya ce mini abin asiri ne da ya gagari masana. Babu wani asiri. Babbar jakar goyo tana da ƙashin baya: sanduna na alminiyom, ko waya mai tauri da ta zagaye bayan, wani lokaci da faranti na roba, duk an zura su cikin aljihun yadi. Aikinsu su sauke nauyi daga kafaɗa zuwa ɗamarar ƙugu. Kana tafiya ƙugunka na juyawa, sandar na ɗan lanƙwasawa, sai ta goga jikin yadin. Ta kama, ta suɓuce, ta kama, ta suɓuce, da saurin da ido ba ya gani, kuma wannan kamawa da suɓucewar ita ce ƙarar. Haka goge yake yin kuka: ana shafa wa izga ƙaro don ta riƙa kama tsirkiya tana saki. To mai goge da gangan yake yi, kuma daɗi yake fitarwa. Su kuwa masu haɗa jakar nan sun ɗinka mini goge a baya ba tare da na roƙa ba, ƙurar hunturu ta shiga aljihun ta zama ƙaron, kayan da ke cikin jakar suka matse komai, bayan jakar ya zama ƙoƙon da ke ƙara wa sautin ƙarfi.

Yaushe aka fara wannan sana'a? Tun 1952 Dick Kelty da matarsa suke haɗa jakunkuna masu firam ɗin alminiyom a gidansu a Kalifoniya. A 1967 Greg Lowe, shi ma a Amurka, ya mayar da firam ɗin cikin jaka. Waɗannan sun yi nasu, sun sauƙaƙa wa bayan ɗan Adam. Amma waɗanda suka gaji sana'ar fa? Fiye da shekara hamsin ana zura ƙarfe cikin yadi, a ce har yau akwai masana'antar da ba ta san ƙarfe da yadi in sun gogu suna kuka ba? Sun sani sarai. Ɗan murfin roba a bakin sanda, ɗan ƙyalle mai santsi a cikin aljihun, shi ke nan fa. Abin da bai kai kuɗin takardun tallar da suka rataya mata ba. Amma takarda ana ganinta a shago, murfin roba kuwa yana can ciki inda mai saye ba ya leƙawa. Sai aka zaɓi abin da ido zai gani. Kallon kitse muka yi wa rogo, kuma da gangan aka fere rogon ya yi fari.

A shago ai ba ta kuka. Ina za ta yi? An cusa mata takarda da leda ta kumbura, ba nauyin komai, ka goya ka taka sau biyar gaban madubi, ka ji daɗi ka biya. Sai ta ji kilo 15 a cikinta, sai kun yi nisa da gari inda ba mayarwa, sannan take buɗe baki.

Da na dawo na kai ta inda na saya. Ka san amsar da na samu? "Alhaji, ai haka suke, in ta saba za ta daina." In ta saba! Jaka ce ko amarya? Kwana huɗu tana bayana a kan dutse, wane sabo kuma ya rage? Na ce to a canza mini, aka ce ai ba ta yage ba, zif bai lalace ba, ƙara ba lahani ba ce. Wato sai abin da za a iya ɗauka a hoto shi ne aibi. Je ka wurin baduku a kasuwa ka ce masa jakar da ya ɗinka maka tana damunka. Zai karɓa, ya jujjuya, ya warware inda ya kamata, ya gyara a gabanka, don gobe ma yana son ka dawo, kuma yana jin kunyar a ce aikinsa ne. Su waɗannan wa za su ji kunya? Wanda ya ɗinka yana wata nahiya, wanda ya sayar bai taɓa hawa ko dutsen Dala da kaya a baya ba.

Dole na zauna na yi aikin da na biya wani ya yi. In kana cikin wannan hali, ga yadda na bi. Na cika ta da kaya kamar za ni tafiya, na goya, na sa ƙanena ya biyo ni yana kasa kunne yana danna wuri-wuri, har ya danna inda ƙarar ta ɗauke. Ƙasan sandar hagu ne, daidai inda ta shiga ɗamara. Na buɗe aljihun na zaro sandunan, bayan na yi musu alamar sama da ƙasa, dama da hagu, domin a lanƙwashe suke daidai da bayan mutum, in ka mayar da su a juye ka sayi wata wahalar. Ƙurar da ta zubo sai ka ce daga buhun gari. Na goge su tas, na wanke aljihun na bar shi ya bushe sarai, na naɗe bakin kowace sanda da salatif irin na masu gyaran wuta, sannan na goga kyandir a duk tsawonta. Inda firam ba ya fita, hoda ake barbaɗawa a mahaɗar, ko a fesa man silikon kaɗan. Sai madauran nan biyu da ke saman kafaɗa, masu jawo kan jakar zuwa jikinka: in sun saki, jakar na rangaji, gugar na ƙaruwa, don haka a ja su daidai. Kaya masu nauyi kuma a jingina su da bayanka, kada a bar su suna yawo.

Sai masu ba da shawarar banza, su ma sun ishe ni. Wani ya ce in zuba baƙin mai, wani ya ce man gyaɗa, wani ya ce man shafawa. Kada ka kuskura. Irin wannan mai yana jiƙa yadi, yana iya lalata rufin da ke hana ruwa shiga, yana ɓata maka tufafi, sannan ya kama duk ƙurar da ya gamu da ita ya mayar da ita taɓo mai cin yadi. An sayar da kare an sayi biri ke nan, tsugune ba ta ƙare ba.

Ta yi shiru yanzu. Kyandir guda na shagon unguwa da ɗan salatif suka kashe ƙarar, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Kuma wannan ne ya ƙara tunzura ni, ba sanyaya mini rai ya yi ba. Awa ɗaya! Don wani ya ƙi kashe minti biyu a masana'anta, na rasa kwana huɗun da na shekara ina jira, na rasa mazon nan, na bi bayan ayari ni kaɗai kamar mai laifi. Kyandir ba zai dawo mini da wannan safiyar ba, kuma kuɗin komawa Gashaka ba a bakin hanya ake tsintarsa ba.

Duk ranar da zan sake sayen jaka, da gorar ruwa goma zan shiga shagon, kowace lita ɗaya da rabi, kilo 15 daidai. Zan loda su a gaban mai shagon, in ɗaure ɗamara, in yi ta kai da kawowa tsakanin kantocinsa, in hau matakala in sauko, ko ransa ya so ko bai so ba. In ta ce ƙiiƙ sau ɗaya, a kan teburinsa zan sauke masa ita.