Dillalin Da Ba Ya Gama Cin La'ada

'Yan'uwana ɗalibai, ba labari aka ba ni ba. Wata shida na yi ina yi wa wani ɗan kasuwa na New York aikin sakatare daga ɗakina a Kano: amsa wasiƙu, tsara ganawa, lissafin kuɗi. Wani kamfanin dillanci ne ya haɗa mu ta intanet. In ya tashi aiki ƙarfe biyar na yamma, mu nan goma ko sha ɗayan dare ta yi, ga lacca da safe.

Ba aikin nake kuka da shi ba, dillalin nake tuhuma. A karar Wudil, in an sallama saniya, dillali ya karɓi la'adarsa sau ɗaya, shi ke nan. Wannan kuwa duk wata sai ya yanki rabonsa. Bai taɓa gaya mini nawa maigidan yake biya ba, ya kuma hana ni tambaya. Kwamfuta tawa ce, kuɗin data da man janareta daga aljihuna. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni, ko kwabo ban gani ba, wai ni mai zaman kansa ne.

To, wane irin zaman kai ke nan? Kafin ka sa hannu, tambayi nawa ce la'adar. In ya ƙi faɗa, ka sani kai ne hajar.