Wane Hob Za Mu Saya Wa Motar Ƙungiya?

'Yan'uwa manoma, maganar yau ta wani ɗan ƙarfe ce wanda bai fi gwangwanin madara girma ba. Yana tsakiyar kowace tayar gaba ta motar ƙungiya, bakanikai suna ce masa hob. A bisansa akwai abin murɗawa da rubutu biyu, FREE da LOCK. In an murɗa shi zuwa LOCK, tayar ta haɗu da aksul, sa'an nan in direba ya sa giyar ƙafa huɗu, tayoyin gaba su ma su ja. In yana FREE kuwa, tayar tana juyawa ita kaɗai, ko an sa giyar ba abin da zai faru. Amfaninsa a kan kwalta ke nan: ƙarafan gaba suna hutawa, mai kuma ya ɗan ragu.

A nan Shinaka da sauran ƙasar Goronyo, Wurno da Raba, ba mu raina shi ba. Tun da aka gama madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, noman rani ya ƙaru, kuma albasa da tafarnuwa da shinkafa duk a fadama suke. Da rani rairayi, da damina laka. Motar da ke kai taki ita ce ke fito da amfani, ita ce kuma ake bugun ƙofar direbanta da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama.

Wata ƙungiya da nake zagayawa ta yi zama biyu a kan wannan magana. Hob ɗinsu na hagu ya fashe. Wasu suka ce a sayi Warn, domin shi ne mai suna. Gaskiyarsu, yana da suna: wani Ba'amurke, Arthur Warn, shi ya fara yin irin wannan hob a 1948 saboda jif-jif da suka rage bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wasu suka ce AVM na ƙasar Barazil ya fi araha. Direba kuma, don kada ya riƙa sauka cikin caɓi, ya ce a sayi mai kulle kansa.

Bari in fara da na direba, don shi ne na fi ƙi. Hob mai kulle kansa yana kamawa ne sa'ad da aksul ya fara juyawa. Yawancinsu in ka sa ribas sai su saki, su sake kamawa. To, yaya ake fid da motar da ta kafe? Gaba kaɗan, baya kaɗan, gaba kaɗan. Wato a daidai lokacin da kake bukatarsa yake saki yana kamawa da ƙarfi, har haƙoransa su cinye. Na taɓa kwana a bakin wata fadama saboda wannan, da buhunan taki a bayan mota, hadari kuma yana haɗuwa. Gara direba ya sauka ya murɗa da hannunsa tun bai shiga laka ba. Takalmi a wanke shi.

Tsakanin na hannu kuwa, ga ra'ayina. In motarku Toyota ce, Land Cruiser ko tsohuwar Hilux, ku nemi Aisin na Japan, irin wanda ta zo da shi daga kamfani. Ban ce Warn da AVM ba su da kyau ba. Amma ku tambayi kanku: in ya lalace ranar kasuwa, wa zai gyara, da me? Bakaniken Goronyo ya buɗe Aisin sau da yawa, ya san cikinsa. In wani abu ya karye, ana samunsa a jikin matacciyar mota a Sakkwato, in ya faskara a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Mai suna daga nesa, in ɗan sifirin cikinsa ya tsinke, sai a jingine mota ana jiran saƙo, albasa tana ruɓewa.

Har ma zan ce tsohon Aisin na ainihi, wanda aka ciro daga wata mota, ya fi sabo mai ƙyalli a kwali wanda ba ku san asalinsa ba. Jabu ya yi yawa, kuma buga suna a kwali ba wuya. Kada ma'aji ya tafi shi kaɗai. Ya tafi da bakanike da tsohon hob ɗin a hannu. A ƙirga haƙoran ciki: Land Cruiser da Hilux mai aksul ɗaya miƙaƙƙe a gaba suna da 30, Hilux mai ƙafafun gaba kowace da kanta tana da 26. A murɗa shi, a ji yana shiga yana fita ba cijewa. A sayi biyu iri ɗaya in kuɗi ya kai.

Masu tsohuwar Land Rover, ku dakata. Ita ba da hob aka yi ta ba, daga baya mutane suka riƙa sa mata Fairey da makamantansa. Juyawar aksul ce ke watsa mai zuwa saman gwiwar ƙafarta ta gaba. In an bar hob a FREE wata da watanni, wurin ya bushe, sitiyari ya lalace. Motar da ba ta cika hawa kwalta ba, a ganina a mayar mata da farantin da ta zo da shi, a ajiye kuɗin a sayi taya. Land Rover 110 da ta fito a 1983 da Defender kuwa kusan dukkansu kullum ƙafa huɗu suke ja, ba ruwansu da hob. Wanda ya ce zai sayar muku, ku ba shi haƙuri.

Na san man fetur da gas sun yi tsada tun 2023, kowa yana neman inda zai rage. Amma abin da hob ke ragewa kaɗan ne, bai kai asarar kwana ɗaya a laka ba. Saboda haka daga ruwan farko har kaka, ku bar duka biyun a LOCK, a kan kwalta ku cire giyar ƙafa huɗu kawai. Da rani ma ku kulle su sau ɗaya a wata, ku yi kamar kilomita 15 don mai ya zagaya. In mota ta ratsa ruwa mai zurfi, a buɗe a duba, a shafa giris kaɗan. Kaɗan na ce. In an cika shi, hob ba zai kama ba.

Ƙungiyar nan dai a zama na uku suka tura bakanike Sakkwato, ya dawo da tsofaffin Aisin guda biyu. Sauran kuɗin suka sayi igiyar ja da shebur.