Daga Bakin Allo: Akuya Kaɗai Ba Ta Korar Talauci

Bara wata ƙungiya ta unguwarmu ta ba wata bazawara keken ɗinki, aka yi taro, aka ɗauki hoto, kowa ya watse. Ɗanta yana ajina. Bayan wata huɗu na daina ganinsa. Da na bincika, sai na tarar ƙanwarsa ce ta kwanta ciwo, uwar ta sayar da keken ta biya kuɗin magani. Wasu suka ce ba ta da godiya. Ni dai na ce laifin namu ne, kuma ga dalilina.

A shekarar 2015 wasu masana tattalin arziki suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a ƙasashe shida: Habasha, Indiya, Pakistan, Peru, Honduras da tamu Gana, inda aka yi aikin a ƙauyukan arewa. Gidaje fiye da 10,000 abin ya shafa. Ƙuri'a aka yi wajen zaɓen waɗanda za su shiga shirin, don a gwada su da waɗanda ba su shiga ba, kamar yadda manomi kan sa wa kunya ɗaya taki ya bar ɗaya.

Tsarin na ƙungiyar BRAC ne ta Bangaladash, wadda ta fara shi a 2002. Ana ba mutum jari, kamar awaki ko kayan ƙaramar sana'a, a koya masa yadda zai riƙe shi. Ana ba shi ɗan kuɗin cefane na wani lokaci, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ana buɗe masa hanyar ajiya, a wayar masa da kai kan lafiya, sa'an nan ma'aikaci ya riƙa zuwa gidansa a kai a kai har kusan shekara biyu.

Shekara guda bayan an gama shirin, aka koma aka duba. A yawancin ƙasashen mutanen sun fi cin abinci, dukiyarsu da ajiyarsu sun ƙaru. A Honduras abin bai yi kyau ba, domin cuta ta kashe kajin da aka raba. Biyu daga masu binciken, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, sun sami lambar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne gwajin da aka ƙara yi a nan Gana. Wasu gidaje an ba su awaki kawai, ba horo, ba ziyara. Wasu kuma hanyar ajiya kawai. Babu ɗayansu da ya sami ci gaba mai ɗorewa irin na waɗanda aka haɗa wa duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka ina roƙon sarakunanmu na Zango, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyi: maimakon keke ashirin a raba a manta, a ba mutum biyar a tsaya musu. A haɗa da kuɗin abinci na 'yan watanni, a sa su cikin adashi, a biya musu katin inshorar lafiya, a naɗa wanda zai riƙa leƙa su kowane mako. Da mun yi haka, watakila da keken nan yana nan.

Yaron dai ya dawo aji, alhamdu lillahi. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.